Makin Lamba Sha Bakwai

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na dawo daga Rijiyar Zaki da warin fetur a riga da ciwon baya. Bas ɗin Gezawa ta ɗauki mutum sha takwas da buhun albasa biyu, ɗaya a kan ƙafata. Mutum ya yi shekara talatin yana dillancin awaki da mutuncinsa, sai da furfura ta fito ya koma ba da maki kamar malamin firamare. Tir.

Aina'u ce ta ce in riƙa rubuta abin da ke hana ni cin abinci, maimakon in zauna ina yi mata tsaki a kan tabarma. To ga shi. Bari in fara da aikin, don ita kanta, matar tawa, wata huɗu ke nan tana gaya wa maƙwabta wai ina koya wa kwamfuta Hausa.

Ba haka ba ne. Akwai wani abu da suka saka a waya, mutanenmu na ce masa Malamin Waya. Manomi zai yi masa magana da baki ya faɗi damuwarsa, shi kuma ya amsa. Amma Malamin nan ba da kansa yake lissafin gona ba. Kayan aiki aka jera masa, guda talatin da huɗu: wannan na duba farashi, wannan na hasashen ruwan sama, wancan na lissafin taki. Kowanne an liƙa masa ɗan bayani, layi uku ko huɗu. Kamar baƙo ne aka bar wa jiran shago, gwangwanaye duk a rufe, ba ya iya leƙa ciki. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani kawai yake karantawa ya miƙa wa mai saye. In rubutun ya yi shiru a kan wani abu, shi ma shiru.

Ni aikina in karanta rubutun jikin gwangwanin, in ba shi maki daga ɗaya zuwa biyar, in sa hannu.

Wanda ya ɗauke ni Kamaruddeen ne, shugaban ofishin. Ina ce masa Injiniya, yana jin daɗi. Bana da babbar salla na sayar masa da rago mai ɗingishi in ya yi tafiya mai nisa, na kuwa tabbatar bai yi tafiya mai nisa a gabansa ba. Bayan salla ya dawo kara, kasuwar dabbobi, yana nemana. Na ɗauka rigima ce, ashe aiki ya kawo. Wai mai bakin da ya iya wannan shi zai gane bayanin da ke ruɗar mutum.

Malam Tasi'u, mijin Yaya Hure, kwanansa uku a asibiti. Gobe zan je.

Talata, 4 ga wata, bayan azahar

Ɗakin maza na warin fitsari da maganin wanke ƙasa. Mutumin da ke biya wa dattawa karatu a zaurensa, wanda ko tari ba ya yi a gaban mutane sai ya juya baya, yau ga shi da roba a hannu, miyau na dalala, Yaya na gogewa da bakin mayafinta. Ya gane ni. Ya so ya yi magana, ta ce ya bari.

Na tare likita a baranda. Ya ce da alama wani abu ya ci, amma dama ƙodarsa ba lafiyayya ba ce. Na ce wane abu? Ya ce ai ba a kawo masa kwanon ba. Ke nan likita bai ce komai ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce: bai ce ba.

Zakiyya, 'yarsu, ita ma ta yi amai kwana biyu, amma ta miƙe. Ta rako ni bakin ƙofa ta ce, "Kawu, akwai abin da nake so in nuna maka a wayata." Na ce mata ina sauri, mota za ta cika.

Motar ba ta cika ba sai bayan awa guda.

Da damina ni na saka mata Malamin Waya a wayar nan. A tsakar gidansu, ina cika baki.

Laraba, 5, da yamma

Bayani tara na duba yau. Ba wanda ya haura biyu.

Alhamis, 6, bayan la'asar

Injiniya ya kira ni ɗakinsa mai sanyin da ke sa mutum fitsari. Wai me ya same ni, na zama wuƙa.

Na ɗauko masa na taki. An rubuta: a ba shi girman gona. Girman gona da me? Eka? Taku? A garinmu ka tambayi mutum girman gonarsa, ce maka zai yi tana cin tiya huɗu ta iri. Malamin zai ji huɗu ya ɗauka eka huɗu, ya sa bawan Allah ya ƙone masararsa da taki. Na ɗauko na farashi: yana faɗin farashin yau. Na wace kasuwa? Na hantsi, ko na bayan la'asar da mai kaya ya ga rana ta karkata ya fara tunanin kuɗin mota? Duk wanda ya rubuta wannan bai taɓa tsayawa a rana da kayansa ba.

Ya ce, "Baba Nababa, ai waɗannan ɗin a watan Agusta huɗu-huɗu ka ba su."

Na ce a Agusta ina ciwon ido. Ya yi dariya, na taya shi.

Akwai ƙa'idar da ubangidana ya koya min a kara tun ban fara aski da kaina ba. Ya ce kada ka yi ƙarya, ƙarya ta masu ƙaramin wayo ce. Faɗi gaskiya uku masu daɗi, ka bar ta huɗun a aljihu. In mai saye bai tambaya ba, shi ya so. Yau na zauna ina kallon ma'aikatan nan, kowa da abu a toshe a kunne, suna rubuta yana da sauri, yana da inganci, an gwada shi. Duk dillalai ne, sai dai ba su sani ba. Ni na sani. Ban tantance wanne ya fi ƙazanta ba.

Juma'a, 7, bayan saukowa daga masallaci

Zakiyya ta biyo ni gida. Ba motar da zan fake da ita a tsakar gidana, dole na zauna.

Ta kunna min muryarta ta sati uku da suka wuce: wakenmu buhu biyu ya fara ƙwari, yaya za mu yi? Sai ga Malamin da muryar nan tasa mai laushi kamar ta mai neman aure. Ya faɗi sunan jan garin nan da ake sayarwa a rumfar masu maganin gona, ya faɗi nawa za a zuba a buhu, ya ce a cuɗa sosai. Har da fatan alheri.

Bai tambaye ta na ci ne ko na shuka ba.

Ta saya, ta cuɗa. Bayan sati biyu aka ɗiba za a yi fate. Ta ce sau uku ta wanke, sai da ruwan ya fita fari tas. Yaya ba ta cin wake saboda gyambon ciki. Ita Zakiyya ta ci kaɗan. Malam ya ci da rana, ya ce a ajiye masa saura.

Ta ce, "Kawu, ni ce ko?"

Na ce ciwo na Allah ne, kuma likita bai ce ba.

Ta ce, "Ba ku ne kuke duba shi ba?"

Na ce mu rubutu muke dubawa, ba magani ba. Gaskiya ce kuwa. Ta ɗaya ke nan. Na lalubo wasu biyun ban samu ba, sai na ce Aina'u ta kawo mata ruwa.

Na san lambar kayan da ya ɗauko mata. Ba zan rubuta ba.

Asabar, 8, da rana

Aina'u ta yi shinkafa da wake. Na ce a miƙa wa maƙwabta. Har an kai ƙofa na ce a dawo da shi, a fara gaya min inda aka sayi waken.

Lahadi, 9, bayan kasuwa ta watse

Na je kara don in ji ni kamar mutum. Hadi, mai kawo min awaki in sayar masa, ya ba ni igiyar akuyarsa, ja, mai kyan gani, nononta ɗaya a toshe. Wani mai farar hula ya zo daga wajen Makoda. Na buɗe masa bakinta ya ga haƙori. Na ce haihuwarta biyu, duk tagwaye. Na ce ba ta ƙin kowane irin harawa. Duk gaskiya. Ya duba ido, ya duba kofato, ya ɗaga jela. Bai duƙa ba.

Ya ja akuyarsa yana sa min albarka.

Na wanke hannu a famfon masallaci, warin bunsuru bai fita ba. Na sake wankewa a gida da sabulun wanki. Shekara talatin hannuna na wannan warin, yau na fara jin sa.

Litinin, 10, da hantsi, a ofis

Na buɗe takardun Agusta.

Sha bakwai. To, na rubuta.

Ga abin da ke jikinsa: Wannan kayan aiki yana kare wake da hatsi daga ƙwari. A ba shi nau'in amfanin gona da yawan buhu, zai faɗi adadin garin maganin da za a cuɗa. Yana da sauri, kuma an gwada shi a gonaki da yawa.

Sumul. Ba kalma ɗaya ta ƙarya. Abin da bai faɗa ba shi ne garin nan na irin da za a binne a ƙasa ne, ba na tukunya ba. Wanda ya rubuta, a kansa iri wani abu ne da ake saye a leda mai hoto, abinci kuma wani abu daban. Bai san a gidajenmu buhu ɗaya ne ba. Daga shi ake ɗibar na fate, abin da ya rage ruwa ya sauka a shuka. Macen da ta ce wakenta ya yi ƙwari, tukunya take nufi.

Akwai wani kayan, lamba ashirin da biyu, shi ne na ajiyar abinci, mai koya wa mutum buhun nan mai leda a ciki da ake ɗaurewa ƙwaro ya shaƙe ba tare da magani ba. Bayaninsa kamar na mai in'ina: na ajiya, duba jadawali. Shi ke nan. To baƙon da aka bar wa shago wane gwangwani zai miƙa? Mai baki mana. Haka ake yi a kowace kasuwa.

A ƙasan kowace takarda akwai akwati: me ya rage ba a faɗa ba? Na sha bakwai fari fat. Kusa da shi maki biyar, da sa hannuna mai jela da nake taƙama da shi.

Da na ce ban lura ba. Na shirya ma in ce haka. Sai Tahira, mai teburin da ke kusa da nawa, ta leƙo ta ce, "Lah, Baba, ai wannan ne ranar nan ka yi ta dariya ka ce wallahi dillali ne ya rubuta shi." Ta koma kan aikinta. Ba ta san abin da ta yi ba.

Na gani. Na ga aljihun da aka sa ta huɗun, na yaba ɗinkin.

Injiniya ne ya rubuta shi da hannunsa.

Talata, 11, bayan azahar

Ta gefen hagu na riƙe makarar Malam Tasi'u. Daga ƙofar gida har maƙabarta ban yarda an karɓe ni ba. Ba shi da nauyi.

Juma'a, 14, da yamma

An yi addu'ar uku jiya. A zaman makoki kowa likita ne. Wannan ya ce ƙoda, wancan ya ce dama tun bara idonsa ya yi rawaya, wani ya ce ajali in ya yi kira ko ba ciwo sai an je. Ni na fi kowa gyaɗa kai. Wani dattijo cikin ɗaliban Malam ya riƙe hannuna ya ce Allah Ya yi min albarka, wai ya ji ni ke gyara wa manoma na'ura. Na ce amin. Bakina ya iya amin.

Ban shiga wajen Yaya ba. Na tsaya a ƙofar ɗaki na yi gaisuwa cikin taron mata, yadda ba za ta iya ware muryata ba.

Da zan fita na bi ta ɗakin ajiya. Buhunan biyu na nan a jingine, an ɗaure bakinsu da igiya ninki uku. Zakiyya ta sa gawayi ta rubuta a jikin kowanne, manya-manya: ba na ci ba ne.

Yarinyar da ba a taɓa ba ta takardar maki ba. Layin da ya rage ke nan, da gawayi.

Litinin, 17, bayan la'asar

Na gaya wa Injiniya. Ban ce surukina ba, na ce wani gida. Ya dube ni, na ga ya gane.

Ba zan ci zalinsa a littafina ba: bai tsaya musu ba. Ya buɗe kwamfuta ya shiga inda ake ajiye duk tambayoyin da aka yi wa Malamin. Tun da aka fara girbin wake, waya arba'in da ɗaya suka yi irin tambayar Zakiyya, har da tata, aka miƙa musu sha bakwai. Ya zauna ya gyara bayanin a gabana. Minti goma. Ya ƙara: na irin shuka ne kawai, kada a ɗauko shi sai an tambayi mai magana na ci ne ko na shuka, in na ci ne a tafi ashirin da biyu. Minti goma, har da shan ruwa.

Na ce to a tura wa arba'in ɗin nan saƙo.

Nan ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce saƙo shaida ce. Ya ce masu ɗaukar nauyin aikin za su zo wata mai zuwa, mutum sha biyu ke ci a ofishin nan, Tahira ma ita ke riƙe da gidansu. Ya ce mutanen karkara ai sun san jan gari, ba wanda zai ci. Ya zaro sabuwar takarda ta sha bakwai, da sabon bayanin, ya ce in ba ta maki in sa ranar Agusta, tsohuwar kuma za ta ɓace.

"Baba Nababa, sunanka ne a ƙasa, ba nawa kaɗai ba. Kuma tsakani da Allah, likita ya ce wake ne?"

Ka ji. Sati biyu ina taunar maganar nan, ban san haka take wari ba sai da ta fito daga bakin wani.

Na ce birona ya ƙare. Akwai biro shida a kan teburinsa. Ya ce in tafi da ita gida in yi tunani.

Laraba, 19, da hantsi

Na gwada a wayata. Na maƙale murya na ce wakena ya yi ƙwari. Ya ce: na ci ne ko na shuka?

Ga ladabi. To an gyara. Daga yau ba wanda zai sake faɗawa. Me kuma ake nema a wajena? Wanda ya tafi ya tafi. Ni ban haɗa magani ba, ban sayar ba, ban cuɗa ba, ban dafa ba. Lamba ɗaya na rubuta. Kowa a kara ya san ƙa'ida, kuma ba ni na kafa ta ba.

Na karanta abin da na rubuta yanzu. Gaskiya uku ne cif, har da ƙari. Hannun bai manta sana'a ba.

Alhamis, 20, bayan azahar

Ɗaya na san gidan. Arba'in ban san ƙofarsu ba.

Juma'a, 21, da safe

A tasha na tsaya kan mai ƙosai ina leƙen ruwan da ta wanke wake. Na ga kamar ja-ja, ko kuma robar ce ja. Na tambaye ta ina ta sayi waken, wa ya noma, da me aka ajiye shi. Ta ɗaga ludayi ta ce, "Baba, ƙosai za ka saya ko aurena ka zo nema?" Mutane suka yi dariya. Na saya don kunya, na zuba a kwata a bayan tasha. Sai ga kaji sun taso. Na tsaya ina korar kaji kamar mahaukaci, da babbar riga.

Ban je ofis ba. Injiniya ya kira sau huɗu.

Asabar, 22, bayan la'asar

Na je wajen Yaya. Tana kan tabarmar takaba, carbi a hannu, ta rame har zoben azurfarta ya koma babban yatsa. Zakiyya na bakin ƙofa. Na ce ta zauna, ita ma da ita zan yi.

A hanya na tsara maganar tsaf: yadda na'ura take, yadda ofis yake, waye ya rubuta. Da na zauna sai na ga duk shimfiɗa ce irin ta kara. Na tsallake. Na ce akwai takardar da ta sa waya ta faɗi abin da ta faɗa, an kawo min ita in duba, na ga abin da ta ɓoye, na ba ta maki cikakke don ta burge ni. Na ce Zakiyya ba ta da laifi, tambaya ta yi aka amsa mata.

Zakiyya ta sa mayafi a baki ta fita.

Yaya ta ja carbi ya kai goma kafin ta ɗago. Ta ce in tuna tunkiyar da na sayar mata shekarar da aka haifi Zakiyya. Na ce na tuna. Ta ce tana da tari, na kuma sani, kwana ashirin ta yi ta mutu. Ta ce Malam ya hana ta yi min magana, wai ɗan'uwa ya fi tunkiya.

"Ni 'yar'uwarka ka yi wa haka, Nababa. To wa za ka raga wa?"

Na ce ta yafe min.

Ta ce kwanan Malam ne ya ƙare, wannan ba ta ja da Allah. Yafiya kuma ba yau ba, kada in matsa mata. Sai ta tambaya ko gidansu kaɗai wayar ta gaya wa. Na ce akwai arba'in.

Ta ajiye carbin. "Arba'in, kana nan kana min kuka a ɗaki? Ni na riga na binne nawa. Bakin nan da Allah Ya ba ka, da ka tara mutane da shi a kan akuya, na ajiya ne?"

Ba ta ce in gai da gida ba.

Lahadi, 23, gab da magariba

Na ari lasifikar mai maganin basir. Ya ce minti biyar, na yi kusan awa.

Na hau kan turken kara na fara yadda na saba, a matso a ga kaya, a matso. Suka matso, sun ɗauka wasa ne. Na ce yau aibi zan faɗa, kyauta. Na ce duk wanda Malamin Waya ya ce ya cuɗa jan gari a wake ko dawa, kada ya ci, kada ya sayar, kada ya ba dabba, wanki ba ya fitar da shi, wanda ya riga ya ci ya tafi asibiti yau. Na ce a kai maganar Makoda, a kai Gezawa, a faɗa a masallatai da gidajen biki. Wani ya ɗaga murya ya ce kai ina ka sani? Na ce ni aka ba takardar in duba, ni na sa hannu na ce ta yi.

Kasuwa ba ta yin shiru, amma gefenmu ya yi. Na ji wani a baya ya ambaci sunan Malam Tasi'u, maganar ta bi layi kamar wuta a kara. Hadi ya zo a hankali ya zare igiyar awakinsa daga hannuna, bai dube ni ba. Mutum biyu da muka yi shekara ashirin muna cin goro tare suka juya suna duba haƙorin tunkiyar da ba ta sayarwa ba ce. Matasa sun ɗaga waya suna ɗauka. Gobe Injiniya zai gani, in bai riga ya gani ba.

Bakwai suka same ni bayan na sauko. Mata huɗu, maza uku. Ɗaya ta ce jibi za ta buɗe buhun, sunan jikarta. Ta zage ni tas, uwa da uba, sannan ta tambayi inda ake samun buhu mai leda. Na gaya mata.

Ina naɗe wayar lasifika sai ga mai farar hular nan na wajen Makoda a gabana, hannu a baya. Ya ce, "Tunda yau ranar faɗin aibi ce, Malam Nababa, akuyata fa?"

Na ce nonon hagu.

Ya ce ya gani tun a mota. So yake ya ji ko bakina zai iya.

Takardar Injiniya na nan cikin littafin nan. Na cike akwatin ƙasa har na juya baya. Na sa ranar yau. Saura gida talatin da uku.

Aina'u ta kawo tuwo. Na ci rabi.